Tomb Raider na 1996 da sababbin fitowarsa: wanne ne ya dawo mana da wasan da muka sani?

Sani:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so mu tattauna a kan Tomb Raider na farko, wanda kamfanin Core Design na garin Derby da ke Ingila ya ƙirƙira, Eidos kuma ya fitar a shekarar 1996. An sake kawo mana wasan nan ta fuska biyu, kuma na buga duka biyun. Akwai Tomb Raider: Anniversary na 2007, wanda Crystal Dynamics suka sake ginawa tun daga tushe, suka riƙe labarin da wuraren da ake zuwa, wato Peru da Girka da Masar da Atlantis, amma suka canza yadda Lara Croft, jarumar wasan, take tafiya da tsalle da faɗa. Sannan akwai Tomb Raider I-III Remastered da Aspyr suka fitar a watan Fabrairun 2024, wanda bai taɓa ginin wasan ba, sai dai ya sabunta hotuna da haske, ya kuma ba mutum maɓalli guda da zai danna ya koma tsohon hoton nan take.

A ganina Anniversary ya fi daɗin kallo kuma ya fi sauƙi a hannu, amma ba shi ne wasan da muka taso da shi ba. Duk wanda ya buga na 1996 ya san cewa an gina duniyarsa a kan murabba'ai masu girma ɗaya, kuma kowane motsi na Lara yana da ma'auni tsayayye. Idan ta yi tsalle daga tsaye za ta ƙetare ramin murabba'i ɗaya, idan kuma ka taka da ita a hankali zuwa bakin rami, ka ja da baya sau ɗaya, ka ruga ka yi tsalle, za ta ƙetare na murabba'i biyu. Saboda haka kafin ka motsa sai ka tsaya ka auna nisa da idonka, kuma idan ka faɗi ka san daga gare ka kuskuren ya fito. Wannan tsayuwa da aune-aune su ne ainihin wasan a wurina, kuma su ne ban samu ba a Anniversary. Ina so in ji ko akwai mai ganin saɓanin haka.

Nura:
Wa alaikumus salam, Yaya Sani. Ni ina cikin masu ganin saɓanin haka, domin da Anniversary na fara a kan PlayStation 2, kuma sai daga baya na gwada na asalin. Abin da na tarar shi ne Lara tana juyawa a hankali a wuri ɗaya kafin ta fuskanci inda nake so, kuma idan kyarketai suka taso mini a cikin kogon Peru, wahalar da nake sha da maɓallai ta fi wadda nake sha da su. Tambayata ita ce, shin ba ƙaunar ƙuruciya ba ce take sa ku ɗauki gazawar na'urar wancan zamani a matsayin hikima? Hannun PlayStation na farko ba shi da sandunan juyawa, kibiyoyi huɗu ne kawai, shi ya sa aka tsara tafiyar a haka. Da suna da abin da muke da shi yanzu, ina kyautata zaton da ba su yi haka ba.

Malam Haruna:
Nura, tambayarka mai ma'ana ce, kuma zan amsa ta daga abin da na gani a lokacin da nake kula da gidan gem a unguwarmu. Galibin yaran da ke zuwa ƙwallo ce ko wasan faɗa ke kawo su, domin kuɗin lokaci ake biya, kuma waɗannan ne ake gamawa cikin 'yan mintoci a san wanda ya ci. Tomb Raider ba ya tafiya da wannan tsari, saboda yana bukatar katin memori kuma yana bukatar haƙuri, don haka masu buga shi kaɗan ne, amma masu kallonsa sun fi na kowane wasa yawa. Mutum ɗaya ne ke riƙe da hannun gem, sauran suna tsaye a bayansa suna neman ƙofa da mabuɗi tare da shi, wannan ya ce a duba bayan dutsen can, wancan ya ce a nutse cikin ruwa. Babu intanet da za a duba amsa, sai abin da wani ya gano jiya ya zo ya faɗa yau.

Game da gazawar na'ura, na yarda cewa ita ce asalin tsarin, amma abin da za a duba shi ne abin da suka gina a kanta. Masu tsara matakan, Heather Gibson da Neal Boyd, sun san iyakar tsallen Lara daidai, sai suka auna kowane ɗaki da ita. Idan ka hango wani tudu a sama, kana iya ƙirga murabba'an da ke tsakaninku ka san ko za a kai ko ba za a kai ba, tun ba ka gwada ba. Wannan aiki ne na mutanen da suka fahimci kayan aikinsu, kamar magini da ya san girman tubalinsa kafin ya aza harsashi.

Sai kuma batun ajiye wasa. A kan PlayStation ba ka da ikon ajiya a duk inda ka ga dama, sai a ƙarshen mataki ko inda ka tarar da lu'ulu'u shuɗi yana shawagi, kuma da ka yi amfani da shi sau ɗaya ya ɓace. Ka haɗa wannan da ɗauke wuta da ke iya zuwa a kowane lokaci, sai ka gane dalilin da ɗaki kan yi tsit idan mai wasa ya zo bakin rami mai zurfi. Hango wannan lu'ulu'u daga nesa kaɗai yana sa mutane su saki numfashi.

Bilkisu:
Malam Haruna ya taɓo abin da ya fi tsaya mini a rai, wato shirun wasan. Ni a gida na buga shi, a kan na'urar yayana, kuma abin da ban manta ba shi ne yawancin lokaci babu kiɗa ko kaɗan, sai takun Lara da kukan iska da ɗigar ruwa. Kiɗan da Nathan McCree ya tsara ba ya tashi sai a wurare ƙalilan, idan ka shiga wani babban ɗaki ko haɗari ya tunkaro, shi ya sa duk lokacin da ya tashi sai gaban mutum ya faɗi.

Misalin da ya fi bayyana bambancin shi ne mataki na uku, Lost Valley. A na 1996 kana shiga kwarin sai ka ga ciyayi a ƙasa, sama kuma baƙi ƙirin, domin na'urar ba ta iya zana abin da ke nesa. Ka kashe ƙananan dabbobin da suka taso maka, kana zaton an gama, sai ƙasa ta fara girgiza, kiɗa ya tashi, sai ga T-Rex, ƙaton dabban nan na zamanin da mai cin nama, ya fito daga cikin duhun nan ba tare da wata sanarwa ba. Wasan bai karɓe iko daga hannunka ba, kai ne za ka yanke shawara a cikin daƙiƙa guda ko ka tsaya ka yi harbi ko ka gudu ka shige wani rami a jikin dutse. A Anniversary kwarin yana da haske da faɗi, kyawunsa kuma ba abin musu ba ne, amma sai aka nuna zuwan dabbar a cikin ɗan fim, aka ce ka danna maɓallin da ya bayyana a allo, sannan aka mayar da ita babban abokin gaba a fili guda, kana kauce mata tana karo da ƙayoyi. Na ji daɗin faɗan, amma ban ji tsoro ba, alhali tsoron nan shi ne abin da kowa yake tunawa.

Nura, ka ce gazawar na'ura ce, kuma gaskiya ne cewa duhun nan gazawa ce ta haifar da shi. Amma wanda ya zaɓi ya ɓoye dabbar a cikin duhun, ya bar ka ka ji takunta kafin ka gan ta, ai da gangan ya yi.

Nura:
Yaya Bilkisu, a kan T-Rex ba ni da ja, domin kowa da na sani da ya fara da na asalin haka yake faɗa. Amma ina roƙon a yi wa Anniversary adalci a wasu wuraren. Ku dubi St. Francis' Folly, ginin nan mai zurfi da ake sauka cikinsa hawa-hawa domin tattara mabuɗai huɗu daga ɗakuna huɗu. A na 2007 an faɗaɗa kowane ɗaki ya zama jarrabawa mai zaman kanta, musamman ɗakin Damocles inda takubba ke faɗowa daga rufi, da ɗakin ruwa inda sai ka ɗaga ruwan ka sauke shi kafin ka kai ga mabuɗi. Sun ma gyara wani abu da bai dace ba a na asalin, inda aka sa sunayen gumakan wasu al'ummu, Thor na mutanen arewacin Turai da Neptune na Rumawa, a cikin ginin da ke ƙasar Girka, suka mayar da su Hephaestus da Poseidon na Girkawa.

Sannan labarin ya fi ƙarfi. A na farko wata attajira mai suna Jacqueline Natla ta ɗauki Lara aiki ta nemo mata wani tsohon kayan tarihi mai suna Scion, aka ci amanar Lara, ta bi sawu har Atlantis, shi ke nan. A Anniversary an ɗaura neman a kan binciken mahaifinta, kuma an nuna yadda kashe Larson, yaron Natla, ya girgiza ta, domin a wannan labarin shi ne mutum na farko da ta kashe. Kada kuma a manta cewa Toby Gard, wanda ya zana Lara tun farko, yana cikin waɗanda suka yi aikin Anniversary, har akwai sharhinsa a cikin wasan inda yake bayanin abin da suka so yi a 1996. Idan mai abu da kansa ya sa hannu a gyaran, da wace hujja za mu ce ba wasan ba ne?

Sani:
Ƙanena Nura, ɗakin Damocles na 2007 yana da kyau ƙwarai, kuma ban ce waɗanda suka yi Anniversary ba su girmama na asalin ba. Abin da nake nufi ya fi ƙanƙanta kuma ya fi zurfi. A Anniversary, gefen bangon da ake iya kamawa yana da kamanni na daban da ido ke saurin ganewa, zoben da ake maƙala igiya mai ƙugiya yana nan a fili, kuma sau da yawa da ka shiga ɗaki kyamara za ta zagaya ta nuna maka inda za ka nufa. Idan ka faɗi, wasan ya riga ya ajiye maka a kusa, cikin daƙiƙu ka dawo. Sakamakon haka aikin ya koma na yatsu, ka bi hanyar da aka shata maka da sauri da daidaito. A na 1996 kuwa duk bangon da tsayinsa ya yi daidai ana iya kama shi, babu alamar da ta bambanta hanya da abin da ba hanya ba, don haka aikin na ido ne da na ƙwaƙwalwa.

Ka ɗauki Palace Midas. An sake ka a cikin fada mai ɗakuna da yawa, ba wanda ya gaya maka cewa sandunan dalma uku kake nema, balle ya ce ka ɗora su a kan yankakken hannun gunkin Midas, sarkin tatsuniyar Girka da duk abin da ya taɓa ke zama zinariya, domin su ma su zama zinariya. Da yawa sun gano sirrin hannun ne ta hanyar hawa kansa, suka ga Lara ta daskare ta zama zinariya, daga nan suka fahimci amfaninsa. Ko ka ɗauki Cistern, matakin da ake ta ɗaga ruwa da sauke shi ana neman mabuɗai, wanda mutane da yawa suka ɓata a cikinsa. A Anniversary an haɗe shi da Tomb of Tihocan aka taƙaita, matakai goma sha biyar suka koma goma sha huɗu. Na fahimci dalilinsu, amma ɓatan hanyar nan shi ne ya sa har yau zan iya zana taswirar wurin daga kaina.

Game da Toby Gard, sa hannunsa ya nuna abin da yake so wasan ya zama a 2007. Mu kuwa wanda ya fito a 1996 muka buga, wanda ƙungiya ta mutum shida ta fara ginawa, aka sayar da fiye da kwafi miliyan bakwai, kuma shi ne ya shiga ranmu yadda yake.

Abdulƙadir:
Tun ɗazu ana ta magana a kan Anniversary, bari in ce wani abu a kan Remastered na 2024, domin shi ma bai dawo da komai ba. Gaskiya ne kowane murabba'i yana inda yake, kuma wanda ya haddace hanya a da zai bi ta yau ba tare da tuntuɓe ba. Amma an ba da damar ajiya a kowane lokaci, kamar yadda yake a kwamfuta tun farko, kuma wannan kaɗai ya canza wasan ga wanda ya taso da PlayStation. Idan kana iya ajiyewa kafin kowane tsalle, fargabar da Malam Haruna ya siffanta ta tafi. Lu'ulu'un nan shuɗi yana dawowa ne kawai a zagaye na biyu, wanda ke buɗewa bayan ka kammala wasan, inda abokan gaba suke ƙara ƙarfi.

Sun kuma ƙara tsarin tafiya na zamani ga wanda ba ya son na da, amma shawarata ita ce a guje shi, domin ɗakunan an auna su ne da tsohon tsari, kuma sabon yana sa daidaita Lara a bakin rami ya yi wuya. Akwai kuma wuraren da sabon haske ya sa mabuɗi ya saje da ƙasa, sai ka danna ka koma tsohon hoto ka gan shi ɓaro-ɓaro. Abin da na fi yaba masa shi ne ya kawo Unfinished Business, ƙarin matakan da a da masu kwamfuta kaɗai suke da su, don haka akwai sabon abu ko ga wanda ya gama na PlayStation tuntuni.

Bilkisu:
Malam Abdulƙadir, maɓallin sauya hoton nan ya koya mini abin da ban yi zato ba. Da na fara Remastered sai na ji kamar haka wasan yake tun asali, sai da na danna na ga tsohon hoton da kusurwoyinsa da dishi-dishinsa na gane yawan abin da zuciyata take cikawa da kanta a lokacin. Sabon hoton ya zo kusa da abin da nake tunawa fiye da ainihin abin da na gani.

Akwai kuma abin da girma ya sa nake gani yanzu. A farkon Remastered, Crystal Dynamics sun sa sanarwa cewa wasannin suna ɗauke da yadda aka siffanta wasu al'ummu cikin wariya da raini, kuma sun bar abin yadda yake domin a san an yi. Muna yara ba mu taɓa tambayar kanmu ba ko kayan waye 'yar masu sarautar Ingila take kwasowa daga kaburburan Peru da Masar. Yanzu kuwa, bayan mun san labarin tagullan Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897, da yadda Jamus ta fara maido da wasu a 2022, ba zan iya shiga City of Khamoon, matakin farko na Masar, ba tare da wannan tunani ya zo mini ba. Bai rage mini son wasan ba, amma ina buga shi da wani sani da ba ni da shi a da, kuma babu wani gyaran hoto da zai cire wannan.

Malam Haruna:
Bilkisu, wannan magana ce mai nauyi, kuma ta haɗu da wani abu da na lura da shi a wancan lokaci. Yawancin yaran da ke kallon wasan ba su jin Turancin da ake yi a 'yan fina-finan da ke tsakanin matakai, kuma hakan bai hana su komai ba, domin wasan kusan ba ya magana. Ƙofa a rufe, sanda a jikin bango, injin da ya rasa ƙafafunsa uku masu haƙora a bakin ruwan da ke zubowa daga dutse, duk waɗannan ido ne ke karanta su. Anniversary ya fi dogara ga labari da hira, wanda ya ji Turanci ya fi amfana da shi. Na 1996 kuwa yaron Kano da yaron Derby daidai suke a gabansa, kuma ina ganin wannan na daga cikin dalilan da ya karɓu a wurinmu.

Nura:
To, hujjojin sun yi yawa, kuma ko da yake har yanzu Anniversary ne nawa, zan sake gwada na asalin ta hanyar Remastered, da tsohon tsarin tafiya, kuma ba zan ajiye ba sai a ƙarshen mataki ko bayan na samo mabuɗi. Yaya Sani, ta ina ya kamata in fara domin hannuna ya saba kafin in shiga kogon Peru?

Sani:
Ka fara da gidan Lara, wanda ke cikin jerin zaɓi na farko, domin a nan take koya maka motsi ɗaya bayan ɗaya a ɗakin motsa jiki da wurin iyo, kuma babu abin da zai kashe ka. Ka daɗe a kan abubuwa uku har su zama jiki: maɓallin tafiya a hankali, wanda muddin kana riƙe da shi ba za ta faɗa daga bakin rami ba, da ja da baya sau ɗaya kafin tsallen gudu, da riƙe maɓallin kamawa tun tana cikin iska. A faɗa kuma kada ka tsaya wuri ɗaya kana juyawa, ka riƙa tsalle gefe da baya kana harbi, domin ita take saita bindigoginta da kanta, kuma harsashin ƙananan bindigogin nan biyu ba ya ƙarewa. Harsashin babbar bindiga ka adana shi domin zakuna da goggon biri na Girka. Idan ka isa St. Francis' Folly ka dawo nan ka gaya mana wane ɗaki ka fara shiga, domin ina so mu kwatanta ɗakin Thor da na Hephaestus kai da ka san na biyun da kyau.